Hofmann, Bajamushen da ya tatso rini daga kwalta

Mai karatu, in ka taɓa shan kulorokwin saboda zazzaɓin cizon sauro, to ka ci moriyar aikin August Wilhelm von Hofmann. An haife shi a Giessen, ƙasar Jamus, ran 8 ga Afrilu, 1818. Da farko shari'a ya je karantawa a jami'a, amma darussan shaihin malami Justus von Liebig suka janye shi zuwa ilmin sinadarai.

A 1843 ya tabbatar cewa wani ruwa da ake tatsa daga kwaltar kwal, shi ne dai wanda ake samu daga shuni, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano. Sunansa anilin, daga dangin da ake kira amin, wato 'yan'uwan amoniya.

A 1845 aka ɗauke shi ya shugabanci sabuwar kwalejin sinadarai a Landan. A can ne, wajen 1850, ya nuna yadda ake liƙa wa amoniya gutsuren kabon, in an dafa ta da wani sinadarin aidin. Magunguna da yawa, har da kulorokwin, irin wannan liƙi ke jikinsu. Sai dai hanyar tasa ba ta da linzami. Kana son gutsure ɗaya, sai biyu ko uku su liƙe, har huɗu. Ga guba, ga tarin gishirin da dole a zubar. Daga baya masana suka koma amfani da alkahol, wanda ruwa kawai yake bari, amma sai an sa ƙarfe mai tsada kamar iridiyam. Yanzu fafutikar da ake yi ita ce a raba aikin da ƙarfen gaba ɗaya. A ganina wannan ya shafe mu, mu da muke da cibiyar binciken magunguna a Idu, Abuja, amma sinadaran haɗi daga waje muke sayowa.

A 1856 ɗalibinsa William Perkin, yaro ɗan shekara 18, yana neman haɗa kwinin, sai ya yi kiciɓis da rini mai launin shunayya. Daga nan rinin masana'anta ya kankama. Da shunin Jamus ya shigo kasuwa a 1897, manoman baba suka ji a jikinsu.

Hofmann ya koma Berlin a 1865, ya jagoranci kafa ƙungiyar masanan sinadarai ta Jamus a 1867. Ya yi aure sau huɗu, ya haifi 'ya'ya 11. Ya rasu ran 5 ga Mayu, 1892.