Le Corbusier da Farin Gidan Puwasi

An haifi Charles-Édouard Jeanneret ranar 6 ga Oktoba 1887 a La Chaux-de-Fonds, garin maƙeran agogo a ƙasar Suwis. Ya tare a Paris a 1917. A 1920 ya fara sa hannu kan rubuce-rubucensa da laƙabin Le Corbusier, wanda ya sarrafo daga sunan wani kakansa na wajen uwa, har laƙabin ya binne sunan yanka. Da safe zanen hoto yake yi, da rana ya koma tsara gine-gine.

Tunaninsa ya fi bayyana a Puwasi, yamma da Paris, inda shi da ɗan'uwansa Pierre Jeanneret suka gina wa iyalin Savoye gidan hutu tsakanin 1928 da 1931. Farin akwati ne bisa siraran ginshiƙan siminti, mota na shigewa ta ƙarƙashinsa. Tagoginsa sun miƙe a kwance, lambu kuma yana bisa rufi. Tunda ginshiƙai ke ɗauke da nauyi, bango ya zama labule kawai.

Sai dai masu gidan ba su ji daɗinsa ba. Rufin ya yi ta yoyo, ɗakuna ga sanyi, uwargida ta yi ta aike masa da wasiƙun kuka. Sun fice a 1940, sojojin Jamus suka mamaye shi, bayansu na Amurka. Da aka so rushe shi don gina makaranta, magina na ƙasashe daban-daban suka yi ca, hukuma ta janye.

Ya rasu yana iyo a tekun Bahar Rum ranar 27 ga Agusta 1965, shekarar da Faransa ta sa gidan cikin kayan tarihinta.