SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO DA ILIMIN MAGANI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

A ƙasashenmu na Tasawa da Mayahi, in an ambaci Muhammadu Bello, abin da dattawa suka fi tunawa shi ne yaƙi, musamman gwabzawar Gawakuke ta shekarar 1836, inda ya karya rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Amma akwai wani fanni na rayuwarsa da ya kamata ɗalibai su sani, wato hidimar da ya yi wa ilimin magani.

An haife shi a shekarar 1195 ta Hijira, daidai da 1781. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da baffansa Malam Abdullahi, da wasu malaman zamaninsa. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya kuma rubuta littafin tarihi Infaƙul Maisuri a 1812. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya zama Sarkin Musulmi.

Nauyin mulki bai raba shi da alƙalami ba. Ya dubi cututtukan da suka addabi jama'a, ya keɓe wa kowace littafi da Larabci. Ya yi talifi a kan ciwon ido, ya yi a kan basir, ya yi a kan tsutsar ciki. Ya kuma rubuta wani a kan filasko, ganyen nan da ke tsirowa a dajinmu, inda ya bayyana yadda ake amfani da shi wajen wanke ciki. Hanyarsa ita ce ya kawo abin da ya zo a hadisi game da magani, ya haɗa da bayanan likitocin Musulmi na farko, domin mai karatu ya san cuta da abin da ake yi mata.

Son iliminsa bai tsaya ga magani ba. Baturen Ingila Kilafatan ya ziyarce shi a 1824, Bello ya nemi a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa. Da Baturen ya komo a 1826, cikin kyaututtukan da ya kawo har da littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci. Wata safiya ya iske Sarkin zaune da littafin a gabansa. A nan ya ji cewa gidansu ya taɓa mallakar irinsa, wanda wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi.

Allah ya yi masa rasuwa a Wurno a shekarar 1253, wato 1837, bayan shekara 20 yana mulki, can kuma kabarinsa yake.

Ya 'yan'uwa, wannan gobara abin lura ce. Gidajen malamai da yawa suna da tsofaffin takardu a cikin gafaka, ga gara ga ruwa ga wuta. Wajibi ne a adana su, a kwafe su, a karantar da su. Haka kuma kada mu hana yaro koyon aikin likita, ko mu bar majinyaci kwance ba a kai shi asibiti ba, alhali shugaban da ya gaji Shehu da kansa ya nemi likita daga nesa.

Allah ya jiƙansa, ya amfane mu da iliminsa, amin.