Rolf Sievert, Mutumin Da Ya Yi Wa Hasken Hoton Asibiti Ma'auni

An haifi Rolf Sievert a birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin ran 6 ga watan Mayu, 1896, watanni kaɗan bayan da Bajamushen nan Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Mahaifinsa attajiri ne mai masana'anta, amma shi ilmin kimiyya ya bi.

A wancan zamani likitoci sai su yi ta haska majiyyaci, ba su da ma'auni sai ganin fatarsa ta yi ja. Da yawa daga cikin masu aikin sun ƙone, wasu aka yanke musu yatsu, wasu ciwon daji ya kashe su. Wannan ɓarna ce Sievert ya tasar wa. A 1924 ya zama shugaban ɗakin bincike na asibitin daji da ake kira Radiumhemmet, inda ya ƙera wata 'yar na'ura mai auna yawan hasken da ya shiga jikin mutum. Yana cikin waɗanda suka kafa hukumar duniya ta kariya daga wannan haske a 1928, ya kuma shugabance ta daga 1956 zuwa 1962.

Ya rasu a 1966. A 1979 aka raɗa wa ma'aunin sunansa. Da shi ake lissafa abin da majiyyaci ya sha idan na'ura ta kewaya kansa ta ɗauki haƙoransa duka a hoto guda, wanda bai wuce abin da jiki ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin 'yan kwanaki ba.