Tunawa da Marigayi Dakta Byang Kato (1936–1975)

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani malami ɗan Arewa wanda sunansa ya kai ƙasashen duniya, wato Dakta Byang Henry Kato.

An haife shi a Kwoi ta ƙasar Jaba, cikin Jihar Kaduna ta yanzu, a 1936. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a tsafin gargajiya, amma yaron ya karɓi addinin Kirista yana ɗan shekara 12 ta hannun 'yan mishan na SIM. Bai samu shiga sakandare irin tamu ba. Bayan ya gama Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja a 1957, sai ya kama koyarwa, yana karatun GCE ta hanyar wasiƙa. Da haka ya kai Landan, ya samu digiri a 1966. A 1967 aka naɗa shi Babban Sakataren ECWA, daidai lokacin yaƙin basasa. Daga baya ya tafi Dallas ta Amurka, ya kammala digirin dakta a ilimin tauhidi a 1974.

A 1973 ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin Babban Sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, mai hedkwata a Nairobi. A littafinsa Theological Pitfalls in Africa (1975) ya ja kunnen Kirista kada su gauraya bishara da tsafi, har ya yi jayayya da manyan masana irin su John Mbiti da Bolaji Idowu. Wasu sun ga ya cika tsanani. Duk da haka ya nace a yi sujada da harshe da waƙoƙin gida.

Babban burinsa shi ne a horar da malamai a nan Afirka. Ya rasu a teku kusa da Mombasa a Disambar 1975, yana da shekara 39, bai ga cikar burin ba. Amma an buɗe makarantun tauhidin da ya yi fafutuka a kansu, a Bangui a 1977 da Nairobi a 1983.

Mu da muka san Kura da Bunkure mun san cewa wanda ya haƙa hanyar ruwa daga Tiga ba lallai ne ya ci shinkafar Kadawa ba. Kowane irin addini muke bi, ya kamata mu tambayi kanmu: me za mu bar wa ƙannenmu da ke makaranta yanzu?