Wili Jonson, Makaho Mai Waƙar Bishara

A cikin shekara ta 2016 wani kamfanin faifai na birnin Shikago, mai suna Alligator Records, ya fitar da sabon faifai mai waƙoƙi 11. Manyan mawaƙa ne suka rera su, mata da maza, farare da baƙaƙe. Amma ba ɗaya daga cikinsu da ya kawo waƙa tasa. Dukan waƙoƙin na wani makaho ne wanda ya yi shekara 70 da ɗoriya a kabari. Sunansa Wili Jonson. Ga labarinsa.

An haife shi a shekara ta 1897 a wani ƙaramin ƙauye, Fendilton, cikin jihar Teksas a kudancin Amurka. Iyayensa baƙar fata ne, talakawa. Ubansa yana noman auduga a gonar wani, in kaka ta yi su raba amfani da mai gona. A zamanin nan an riga an hana bauta a Amurka, amma baƙin mutum ba shi da daraja a kudu. Makarantarsa dabam, majami'arsa dabam, har makabartarsa dabam.

Wili yana ƙarami uwarsa ta rasu, ubansa ya yi wani aure. Ba makaho aka haife shi ba. Matarsa Anjelina ta ba da labari daga baya cewa yana da shekara 7 faɗa ya tashi tsakanin ubansa da kishiyar uwar, ita kuwa ta watsa ruwan toka mai kaifi, irin wanda ake yin sabulu da shi, ya sami yaron a ido. Tun daga ran nan bai ƙara ganin hasken rana ba. An kuma ce tun kafin wannan ubansa ya yi masa 'yar jita da akwatin taba, yaron kuwa ya riga ya nuna yana so ya zama mai wa'azi.

A garin Marlin ya yi girma, can ya saba da sujada da waƙoƙin masu bi. Da ya zama saurayi sai ya shiga bin garuruwan auduga. Ran Asabar manoma sukan shigo gari su yi ciniki. Shi kuwa ya sami kusurwar hanya ya tsaya, ya ɗaura gwangwani a wuyan jitarsa, ya fara waƙa. Mai wucewa ya jefa kwabo in ya ga dama. Makafi da yawa suna yin haka a lokacin, gama ba wata sana'a da aka bar musu. Waɗansu suna waƙoƙin duniya domin sun fi kawo kuɗi. Amma dukan abin da ya rage mana na Wili waƙar addini ce.

Kiɗansa ba irin na kowa ba ne. Jita tana da tsirkiya 6. Maimakon ya danna su da yatsa kaɗai, yakan ɗauki 'yar wuƙar aljihu ya riƙa jan ta a kan tsirkiya, sai jitar ta yi kuka kamar muryar mutum. Wani lokaci ya fara baiti da baki, ya yi shiru a tsakiya, jitar ta ƙarasa masa. Muryarsa kuwa iri biyu ce. Akwai mai kauri da gurnani wadda takan rinjayi hayaniyar kasuwa, akwai kuma mai taushi. A faifai da yawa wata mace, Wili Haris, tana yi masa amshi da siririyar murya.

A watan Disamba 1927 ma'aikatan kamfanin Columbia suka zo birnin Dalas da na'urar ɗaukar murya. Wili ya je ya yi musu waƙa 6 a rana ɗaya. Faifan garmaho na zamanin yana ɗaukar waƙa ɗaya a kowane gefe, wajen minti 3. Faifansa na fari ya yi kasuwa ƙwarai, aka sayar da fiye da 15,000. Waƙa ɗaya a kan jinin Yesu mai warkarwa ce, ɗayan kuma roƙo ne na mai bi a bakin mutuwa. Suka sāke ɗaukarsa a Dalas a 1928, da Niyu Olins a 1929, da Atlanta a watan Afrilu 1930. Duka duka waƙa 30 ke nan.

Me ke cikin waƙoƙin? Labarin Samson da Dalila, da Ru'uyar Yohanna, da wahalar marayun da ba su da uwa, abin da shi kansa ya ɗanɗana. Ya yi waƙa a kan jirgin ruwa Titanik da ya nutse a 1912, da annobar mura ta 1918 wadda ta kashe mutane ba iyaka. Ba domin labari kaɗai ya yi su ba, amma domin ya faɗakar da masu ji su shirya. Wadda ta fi duka suna ita ce ta daren Gatsemani. Ya ɗauko ta daga wata tsohuwar waƙar Ingila, amma kusan ba kalma ko ɗaya a ciki. Nishi ne kawai da kukan jita, kamar mutum yana addu'a magana ta ƙare masa.

Daga 1929 kasuwa ta faɗi a Amurka, talakawa suka rasa abinci, balle kuɗin faifai. Bayan 1930 ba wanda ya ƙara ɗaukar muryar Wili. Yana da shekara 33 lokacin nan. Bai bar aikinsa ba. Ya zauna a garin Bomant kusa da bakin teku, yana waƙa a titi, yana kuma riƙe da wani ɗan gidan addu'a inda yake wa'azi.

A 1945 gobara ta cinye gidansa. Ba shi da wurin zuwa, sai ya ci gaba da kwana cikin kangon, a kan shimfiɗa mai damshi. Zazzaɓi ya kama shi. Matarsa ta ce ta kai shi asibiti aka ƙi karɓarsa. Ya rasu ran 18 ga Satumba 1945, yana da shekara 48. Aka binne shi ba ko dutse a kan kabarin. Hotonsa ɗaya tak aka sani a duniya.

Mutum zai ce labari ya ƙare ke nan. Ashe da sauransa. A 1952 aka tara tsofaffin waƙoƙin talakawan Amurka cikin faifai, aka sa tasa ta Ru'uyar Yohanna a ciki. Wani mai bincike, Samuyel Catas, ya bi sawunsa har Bomant, ya sami Anjelina, ya ji labari daga bakinta. Samari masu koyon jita suka shiga kwaikwayon hannunsa, har a Ingila.

A 1977 Amurka ta harba kumbo biyu masu suna Voyager zuwa can bayan duniyoyin da ke kewaya rana. Aka liƙa wa kowanne faifai mai ruwan zinariya, ɗauke da gaisuwa cikin harsuna 55, da kiɗa 27 da aka zaɓa daga al'ummai dabam dabam. Akwai na manyan masanan kiɗa na Jamus, Bak da Betoben. Akwai kuma waƙar Gatsemani ta makahon Teksas. A 2012 kumbo na ɗaya ya fita daga yankin iskar rana. Ba wani abin da hannun mutum ya ƙera da ya taɓa yin nisa kamarsa.

'Yan'uwa, kada mu tsaya a kan mamakin kumbo. Girman da duniya ta ba Wili ya zo a makare, bai saya masa bargo ko magani ba. Sa'ad da yake kwance cikin toka akwai majami'u a garin, akwai kuma gidajen da faifansa ke ciki. A Yohanna sura 9 almajirai sun ga makaho suka fara tambayar laifin wane ne, Ubangiji kuwa ya ga mutumin da aikin Allah zai bayyana a cikinsa. Wili bai sami idonsa ba a wannan duniya, duk da haka aikin ya bayyana.

A cikin ikkilisiyoyinmu akwai makafi da guragu da kurame. Sau da yawa mukan ba su sadaka a bakin ƙofa, mu ga mun gama. Wa ya tambaye su baiwar da Allah ya ba su? Wa ya san inda suke kwana da damina? Bari dattawa da ƙungiyar mata su duba wannan tun masu shi suna da rai. Allah ya buɗe idanunmu. Amin.