Muhammadu Rumfa, Sarkin Da Ya Sāke Fasalin Birnin Kano

Idan ana zancen sarakunan ƙasar Hausa na dā waɗanda suka bar abin da ido ke gani, da wuya a tsallake Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Sarakuna da yawa an san su ne da yaƙi, shi kuwa abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne gini da gyaran gari. Yau shekara fiye da 500 ke nan da rasuwarsa, amma fadar da ya gina ana zaune a cikinta, kasuwar da ya kafa kuma tana ci kullum.

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, shi ne kuma sarki na 20 a jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda. Ya hau gadon sarauta a 1463, ya yi mulki har 1499. An ce kafin ya zama sarki ya riƙe sarautar Makama, ya zauna a gidan da ake kira Gidan Makama, wanda yanzu ya zama gidan ajiye kayan tarihi.

Lokacin da ya hau, Kano ta riga ta fara cika. Tun zamanin Sarki Abdullahi Burja aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, inda ake samo goro. A zamanin mahaifinsa kuma gishirin Azbin ya yawaita, malamai da fatake suna ta shigowa daga gabas da yamma da arewa. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa tun ƙarni na 12 ta yi wa jama'a kaɗan. Baƙi suna bukatar masauki, fatake suna bukatar wurin sauke kaya, kowa kuma yana son ya kwana cikin kwanciyar rai. Wannan ita ce matsalar da Rumfa ya tarar.

Aiki na farko shi ne faɗaɗa ganuwa. Ya ja ta ta kewaye sabon fili mai yawa, aka yi sababbin ƙofofi, ciki har da Ƙofar Na'isa. Kada mu ɗauka wannan ƙaramin aiki ne. Babu mota, babu siminti, babu injin haƙa. Ƙasa ake haƙowa a kwaɓa, a yi tubali da hannu, a shanya, sannan a ɗora ɗaya bisa ɗaya. Ramin da aka ɗebi ƙasar shi ke zama gwalalo a bayan ganuwa, ya ƙara wa abokan gaba wahala. A ciki kuwa an bar filayen noma, don in an kewaye gari da yaƙi mutane su sami abinci. Wannan tanadi ya yi rana, domin a zamaninsa ne aka yi yaƙi da Katsina har shekara 11.

Aiki na biyu shi ne fada. Rumfa ya bar tsohon wurin zaman sarakuna, ya gina sabon gida a filin da ke kudu da tsohon gari, watau Gidan Rumfa. Da fada ta koma can, sai hakimai da bayin sarki da masu sana'a suka bi ta, sababbin unguwanni suka tashi. Ko bayan jihadi, da sarauta ta koma hannun Fulani a farkon ƙarni na 19, a wannan gida suka zauna. Haka kuma bayan Turawa sun ci Kano a 1903 gidan bai tashi daga matsayinsa ba.

Aiki na uku, wanda ya riƙe sauran, shi ne Kasuwar Kurmi. Ya kafa ta a tsakiyar gari, kusa da rafin Jakara. Da aka tara ciniki wuri ɗaya, sai baƙo ya san inda zai nufa, hukuma kuma ta san abin da ya shigo da abin da ya fita. Ana kawo gishiri da kanwa da goro da dawaki, ana fita da tufafin rini da fatu da jima. Ganuwa ta tsare kasuwa, kasuwa ta jawo arziki, arzikin kuma ya ba sarki ƙarfin ci gaba da gini.

To, ina aka sami abin yin waɗannan ayyuka? Akwai haraji da gaisuwa daga garuruwan da ke ƙarƙashin Kano, akwai abin da fatauci ke kawowa, akwai ganimar yaƙi. Akwai kuma ƙarfin jama'a, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gaskiya ita ce ba duka masu aikin ne suka yi shi da son ransu ba, domin zamani ne na bauta, kuma gumin bayi yana cikin wannan ƙasa da aka kwaɓa. Ya kamata in muna yabon sarki mu tuna da su.

Rumfa bai bar dukiyar jama'a babu ƙa'ida ba. Wajen 1492 babban malamin nan Shaihu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili, mutumin Tilmisan ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya zo Kano. Ya rubuta wa sarki littafi a kan wajiban sarauta, mai suna Tajuddini. A ciki ya bayyana hanyoyin da suka halatta a tara dukiyar hukuma, da inda ya kamata a kashe ta, ya kuma yi gargaɗi a kan cin hanci da ƙwace kayan talakawa. Zuriyar malamin ta zauna a unguwar Sharifai. A zamanin ne kuma aka sare itacen da ake tsafi a gindinsa, aka gina masallacin Juma'a a wurin. Har ila yau Rumfa ya kafa majalisar mutum 9 da ake kira Tara ta Kano, wadda ta haɗa da Galadima da Madaki da Wambai, don kada sarki ya yanke shawara shi kaɗai. Shi ne kuma ya fara kakaki da figini.

Ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Kwalejin Rumfa da ke Kano sunansa ta ci.

'Yan'uwana ɗalibai, yanzu sai mu dubi abin da muka yi da wannan gado. Ganuwar Kano ta zube a wurare da yawa, masu ɗibar ƙasa sun ci wani sashe, masu gine-gine sun hau wani. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa. Ba laifi ba ne gari ya faɗaɗa, ai shi ma Rumfa faɗaɗawa ya yi. Sai dai ya yi da tsari, ya tanadi kasuwa da wurin ibada da filin noma, ya kuma nemi a gaya masa iyakarsa a kan dukiyar jama'a. A cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama injiniyoyi da ma'aji da shugabannin ƙananan hukumomi, a hannunsu za a sa kuɗin hanya da kwalbati da rumfunan kasuwa na unguwanninmu. In an ci kuɗin, damina ɗaya ta isa ta tona asiri.

Allah ya ji ƙan Sarki Muhammadu Rumfa, ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, amin.