Nikolai Anichkov: Likitan da ya gano illar kitsen jini ta hanyar zomaye

An haifi Nikolai Anichkov a birnin St. Petersburg na Rasha a 1885, ya kuma kammala karatu a kwalejin likitancin sojoji ta birnin a 1909. A wancan zamani yawancin likitoci na ɗaukar toshewar jijiyoyin jini a matsayin larurar tsufa da ba ta da makawa.

A 1913, shi da wani ɗalibi mai suna Semen Chalatov suka riƙa ciyar da zomaye kolestarol zalla da aka narkar a man girki. Da suka feɗe su, sai suka tarar kitse ya taru a bangon babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, irin wanda ake gani a jikin mutane. Gwargwadon yawan kolestarol a jinin zomo, gwargwadon ɓarnar da ya yi.

Sai dai masana da dama sun yi watsi da binciken. Hujjarsu ita ce zomo ciyawa yake ci, kuma da aka gwada a kan karnuka da ɓeraye ba su kamu ba. Daga baya aka fahimci cewa jikin waɗannan dabbobi na saurin fitar da kolestarol.

Anichkov ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ya shugabanci Cibiyar Kimiyyar Lafiya ta Tarayyar Sobiyat daga 1946 zuwa 1953. A 1950 John Gofman na Amurka ya rarrabe ƙwayoyin da ke ɗaukar kitse cikin jini, ya nuna cewa yawan nau'in LDL na tafiya da ciwon zuciya. Wannan ya ƙarfafa maganar Anichkov.

Ya rasu ranar 7 ga Disamba, 1964, sakamakon bugun zuciya, ba tare da ya samu kyautar Nobel ba. A 1987 Amurka ta amince da maganin statin na farko mai rage kolestarol.

Kitsen jini kan yi shekaru yana ɓarna ba tare da alama ba, har a jikin siriri. Shi ya sa likitoci ke shawartar masu hawan jini ko ciwon suga, a Kajiji ne ko Bodinga, su auna shi a wurare irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.